Man Bakoji da San Gideon

Bakoji ba ya zama. Duk wanda ya san shi a bayan garin Birnin Gwari, can inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, zai gaya maka haka. In ka shimfiɗa masa tabarma sai ya tsuguna a bakinta, kafin ka gama tambayarsa iyali ya miƙe, wai bari ya leƙa sa. Sa ɗaya tak fa, jama'a! Matarsa Huraira ta ce shekara talatin da 'yan kai suna tare, ba ta taɓa ganin ya ci tuwo da zafinsa har ƙarshe ba. Loma biyu, ya ji sa ya buga ƙafa a turke, shi ke nan ya tashi, sai ya dawo ya tarar miya ta daskare.

Ba ɗan gari ba ne. A wani ƙauye aka haife shi wajen Kutemeshi, dab da bakin daji, inda damina ke zuwa da ciyawa har kafaɗa, ta kuma zo da ƙuda. Ba ƙudan kan tuwo nake nufi ba, wannan ai ɗan gida ne. Bobuwa nake nufi, 'yar banzar nan mai cizo kamar allura, wadda ba ta tashi daga jikin sa sai ta bar jini yana tsattsafowa, da kuma tsando na bakin rafi mai sa wa shanu ciwon sammore mai ramar da su. In bobuwa ta sa sa gaba ba ya kiwo, ba ya tuƙa, wuni yake yana kaɗa wutsiya yana shure-shure, har ka ga haƙarƙarinsa ya fito, ciyawa kuwa ga ta nan har baki.

Mahaifinsa Malam Ƙasimu manomi ne mai shanun huɗa, kuma duk yankin an shaida shanunsa ba sa ramewa da damina. Rabin sirrin kowa ya sani. Da la'asar sakaliya a tara busasshen kashin shanu ta inda iska ke busowa, a kunna, a danne da ɗanyen ganyen dogon yaro da daddoya, hayaƙi ya turnuƙe turke, shanu su tura hanci ciki su yi lamo. To amma hayaƙi ba ya bin sa gona. Abin da ke bin sa gona wani baƙin mai ne mai wari, wanda Malam Ƙasimu ke haɗawa a ɗaki da ƙofa a rufe, ya shafe shanunsa da shi kafin a ɗora karkiya: ƙafafu, mara, ƙasan wuya, bayan kunne. Bakoji na da shekara goma sha bakwai uban ya kira shi ya nuna masa, sannan ya riƙe masa kunne ya ce, "Wannan na gidanmu ne. Ranar da ka faɗa wa wani abin da ke ciki, ranar zai daina ci."

Ni dai ban ga ruwan ƙuda da wa ya ji wa bai ji ba. Amma je ka gaya wa Bakoji! Shekara arba'in ya riƙe maganar nan. Ko Huraira abin da ta sani kawai shi ne man kaɗe na shiga ciki, don ita ke tsinto ƙwara a daji ta dafa masa. Kuma a faɗi gaskiya, in maƙwabci ya roƙa ba ya hanawa. Zai zo da gwangwaninsa ya shafa wa sanka da hannunsa, ya rufe ya sa a aljihu ya tafi, ko ruwa bai tsaya sha ba. Tambaya ce dai ba ya so.

Da ƙarfinsa ya kai bijimai shida, karkiya uku, har ƙauyukan kewaye ake kiransa huɗa. Kunyar da Bakoji ya ja kana ganinta daga hanya ka san tasa ce, miƙe take ɗoɗar. Ya aurar da 'ya'ya mata uku, mazan biyu suka tafi Kaduna neman sana'a, gida ya rage daga shi sai Huraira sai shanu. Sai shekara huɗu da suka wuce mutanen daji suka shigo musu da bindigogi da hantsi, suka kora duk abin da ke da ƙaho. Guda ɗaya ya tsira, wani fari mai baƙin zagaye a ido da ake kira Mai Kwalli, shi ma don ƙaya ta soke shi a kofato an ɗaure shi a bayan rumbu. Bakoji ya sa Huraira da 'yan kaya a gaba, ya ja san yana ɗingishi, suka yo gari. Tun daga ranar rashin zamansa ya ninka.

To sa ɗaya me zai yi maka? Garma sai da biyu. Allah da ikonsa, wanda zana ɗaya ta raba gidansu shi ma abin da ya same shi ke nan. Gideon sunansa, Gbagyi ne daga wajen Randagi, dattijo a cocinsu, mutum mai sanyin magana da son zolaya, shi ma da sansa ɗaya baƙi ƙirin mai suna Dogo. Ka kuwa san san huɗa da gefensa: wanda aka hora a dama ba ya yarda da hagu, ko za ka karya bulala a kansa. Mai Kwalli na dama ne, Dogo na hagu. Ranar da suka gano haka Gideon ya ce, "Malam, wannan aure tun daga sama aka ɗaura shi." Suka haɗa karkiya. Kwana biyu a gonar da aka ara wa Bakoji, kwana biyu a ta Gideon, duka a gangaren fadama. Gideon na gaba yana jan igiya, Bakoji na baya riƙe da garma. In ɗaya cikin shanun nan ya kwanta, gida biyu ne ba masara, kuma dukansu sun san haka.

Damina biyu lafiya lau. Kullum da sassafe Bakoji ya shafe nasa, ya zagaya ya shafe Dogo. Har karen gidan Gideon, wanda ƙuda ya cinye wa bakin kunnuwa suka zama miki, ya samu rabonsa. Bakoji ba ya taɓa kare, sai ya lakato man a ganye ya miƙa wa Blessing matar Gideon, ya tsaya nesa yana nuna mata inda za ta shafa.

Damina ta uku ce ta zo da magana. Matan gari sun daina shiga daji tsintar ƙwara, wa zai kai kansa? Rabon Huraira da dafa man kaɗe an daɗe. Na kasuwa Bakoji ya shinshina ya ture, ya ce gauraye ne. Da ruwa ya zauna, ya buɗe gwangwani ya tarar saura rabi. Ya zura yatsa ya auna, ya rufe, ya zagaya gida, ya dawo ya sake buɗewa kamar zai tarar ya ƙaru. In shanu biyu ne, kwana goma ya ƙare. In ɗaya ne, zai kai ƙarshen huɗa.

"Malam, ka tambayi matan unguwa mana," in ji Huraira. "Ba a rasa mai ajiya."

"In tambaye su me? Su ce Bakoji na neman man kaɗe da damina, gobe duk gari an san abin da ke cikin maganin?"

"To ni in tambaya, in ce na faso ne."

"Kin taɓa tambaya a baya? Mata ba wawaye ba ne. Ki bar maganar nan."

Ta bar ta. Washegari ya shafe Mai Kwalli a bayan ɗaki, ya goge hannu da toka, ya fita ya ce wa Gideon, "Bana man ya ƙare, sai dai mu dage da hayaƙi."

"Ba komai, Malam," in ji Gideon. "Ai ka yi mana a baya. Allah ya saka."

Wallahi da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Bobuwar bana kuwa sai ka ce an aiko ta. Rana na ɗan ɗagawa sai su taso daga ciyawar fadama su doshi shanu. Su je kan Mai Kwalli, wari ya kore su. To ina za su? Ga Dogo, kamu ɗaya tsakaninsu, wuya a karkiya, ba shi da wajen gudu. Rabon sa biyu ya koma kan sa ɗaya. Bakoji na baya, komai a idonsa ake yi. Ƙafafun Dogo sun cika, jini na bin su har kofato, fata na karkarwa, wutsiya ba hutu. Ya fizga hagu, ya kai shuri, kunya ta karkace. Gideon ya karyo reshen dogon yaro yana tafiya da baya yana kaɗa masa, su tashi su sake sauka.

"Malam," in ji Gideon a rana ta uku, yana share gumi, "ƙudan nan sun san addini ne? Na ga nawa kawai suke ci."

Bakoji ya yi dariyar da ba ta wuce haƙori ba, ya daka wa shanu tsawa.

Tun ranar ya gane. Mutumin da ya tashi a cikin shanu ba sai an gaya masa ba, ya san ba hana Dogo mai kawai ya yi ba, tura masa ƙudan nasa san yake yi. Kowace safiya ya buɗe gwangwani da niyyar yau zai raba, sai ya dubi Mai Kwalli, ya tuna biyar ɗin da aka kora yana ji yana gani, hannu ya ƙi. Gobe dai. Sai ya huce a kan hayaƙi. La'asar na yi ya ɗauki kwando ya bi bayan gari tsintar kashin shanu, ya shiga gidan Gideon ya haɗa wa Dogo hayaƙin da ya ninka na gidansa, har Blessing ta fito daga madafa tana tari ta ce, "Baba Bakoji, san za ka ƙyafe ko mu?" Ya kai masa dusa, ya kai masa kanwa, ya kai harawar da ya ɓoye wa nasa. Gwangwani dai na ƙarƙashin gado.

Dogo ya fara barin ciyawa. Ya tsaya kai a ƙasa, ido na ruwa, gashi a tashe. Gideon ya ce ko a huta kwana biyu, amma hutu ina? Watan bakwai ya kama, masu shuka da wuri masararsu ta kai gwiwa, su kuwa da sauran aiki a gaba, ga kunya a karkace sai an maimaita. A rana ta goma sha bakwai, a gonar Gideon, tsakiyar kunya, Dogo ya durƙusa. Karkiya ta ja wuyan Mai Kwalli ƙasa ya yi ƙara. Suka kwance su, suka yi ta fama, da ƙyar ya tashi wajen azahar, suka rako shi gida ana tafiya ana tsayawa. Yana isa turke ya kwanta.

Malamin dabbobi ya zo a babur, ya buɗe fatar idon san ya nuna musu, fari fat. Ya ce jini ya ƙare, ga alamar sammore kuma. Ya ce allura yanzu ba lallai ta ɗaga shi ba, in kuma aka yi ba a cin naman. "Ku ba shi kwana biyu, abinci da inuwa, ku raba shi da ƙuda. In ya miƙe ku kira ni. In kun ga ya juya, kada ku bari ya yi mushe."

Bakoji ya koma gida. Ya shiga ɗaki ya fito, ya je bakin zana ya dawo, ya ɗauki buta ya ajiye. Huraira na tankaɗe, kallo ɗaya ta yi masa ya ishe shi. Mai Kwalli na tsaye yana tuƙa, jiki sumul yana sheƙi. Tun da uwarsa ta haife shi Bakoji bai taɓa duban lafiyayyen sa ya ji haushi ba sai ranar. Ya zaro gwangwani, ko takalmi bai sa ba.

Ya tarar da Gideon zaune kan turmi a gefen Dogo yana kaɗa reshe. Ya ajiye gwangwanin a gabansa.

"Bai ƙare ba. Ƙarya na yi maka. Nawa nake shafa wa kullum."

Gideon bai ɗago ba. "Na sani, Malam."

"Ka sani?"

"Ni ke ɗaure karkiya. Hancina lafiyarsa lau."

"To don Allah me ya hana ka magana?"

"Maganin gidanku ne. Ana tambayar mutum maganin gidansu? Na ce ko akwai dalili." Ya kaɗa reshe. "Na dai yi maka wasa sau ɗaya, na ga ba ka ɗauka ba."

"Ba wani dalili sai tsoro da son kai. Man kaɗe ne ya yanke mini."

Blessing na bakin madafa da ludayi a hannu. "Man me?"

"Man kaɗe."

"Man kaɗe? Wannan dai da muke shafawa, muke miya da shi?" Ta dubi mijinta. "Baban Mercy, ka ji?" Ta shige ɗaki, ta fito rungume da ƙwarya rufe da faifai, ta dire a gaban Bakoji ta buɗe. Cike take dam. "Yayata ta aiko mini daga Randagi tun bazara, su kaɗensu a bakin gona yake. Yana nan muna ɗiba da cokali. Haba Baba! Zana ce fa kawai tsakaninmu!" Ta koma madafa tana faɗa da yarensu.

Bakoji bai ɗauki ƙwaryar ya je ɗaki ya rufe ƙofa ba. Nan tsakar gidan Gideon ya hura wuta ya ɗora kasko, ya je ya kwaso ƙulle-ƙullensa, kuma duk abin da ya ɗauka sai ya faɗi sunansa da ƙarfi, kamar mai amsa laifi gaban alƙali. Man kaɗe, a narka kada ya tafasa. Busassun 'ya'yan dogon yaro, a daka har su fid da mai. Ɓawon maɗaci, a niƙa lukui. Garin taba ɗan kaɗan, in ya yi yawa sa ya lasa sai ya bugu. Garin gawayi don ya kama jiki. Shi ke nan fa! Sirrin shekara arba'in ke nan, ba abin da babu a bayan gidan kowa. Blessing ta leƙo ta ce, "Iyakarsa?" Ya ce iyakarsa. Huraira daga bayan zana ta ce, "Oho, ashe."

Kuma man ya ci. Ya faɗa, mutum uku sun ji, man ya ci. Ya wanke miyakun da ruwan gishiri, ya shafe Dogo tun daga kofato har bayan kunne, bobuwa ta zo ta yi shawagi ta juya. Wannan ne ya fi ƙona masa rai, don da ya ƙi ci da ko ba komai ya samu abin kare kansa.

Kwana biyu a gidan Gideon yake wuni. Ya haɗa hayaƙi, iska ta juya ya kwashe wutar ya mayar ɗaya gefen. Ya dama kunun dusa da kanwa ya ɗura wa Dogo da kwalba, ya yanko ciyawa mai laushi ya sa masa a baki, ya kira Gideon su juya shi kada gefe ɗaya ya mutu. Salla kawai ke fitar da shi, ita ma yana sallamewa ya dawo. Rana ta farko Dogo ya ɗaga kai ya ci 'yar ciyawa, Bakoji ya yi ta ƙwala wa Gideon kira ya zo ya gani. Rana ta biyu ya yunƙura, ƙafafun baya suka miƙe, na gaba suka ƙi, ya koma. Ta bayan zana kuwa Mai Kwalli na ta kuka yana neman abokin tafiyarsa.

Rana ta uku da hantsi Dogo ya miƙa wuya a ƙasa, ya baje gefe guda, numfashi sama-sama. Duk wanda ya san shanu ya san wannan kwanciyar. Gideon ya kira mahauci a waya, mahaucin ya ce yana wata kasuwa, sai bayan azahar. Bayan azahar ina! San nan ba zai kai ba. In ya mutu da kansa mushe ne, sai rami. In kuma Gideon ya yanka da hannunsa, a unguwar nan daga shi sai gida uku za su ci, mahautan gari ba za su taɓa ba. Abin da zai rage wa gidan nan daga Dogo, wanda za a ɗora a kai a nemi ko maraƙi ne, sai in Musulmi ne ya yanka.

Gideon ya shiga ɗaki ya fito da wuƙa. Ya tsuguna ya wasa ta a dutse, gefe da gefe, ya gwada a gashin hannunsa. Blessing ta ruga ta kirawo wasu 'yan cocinsu biyu masu ɗinki a bakin titi, suka ɗaure ƙafafu, suka ja san ya fuskanci gabas, aka tona ɗan rami. Bakoji na tsaye da kasko a hannu, yatsu baƙi da mai. Ya fara ja da baya, a ransa yana laluben wanda za a kira, liman ko ladan ko ma waye.

Gideon ya miƙo masa wuƙar ta ƙota.

"Malam."

"Gideon, don girman Allah ba ni ba. A nemo wani."

"Wa? Kowa na gona. Kai ne a nan." Ba fushi a muryarsa, da ma fushin ne. "Shekara shida ina kiwonsa, tun yana maraƙi. Ya san hannunka. Yi sauri kada ya riga ka."

Bakoji ya ajiye kasko. Ya yanka raguna ba adadi, ya yanka shanu a suna da biki, amma bai taɓa yanka irin na yau ba. Ya goge tafinsa a riga, man ya ƙi fita, ya sake gogewa da ƙasa don kada wuƙa ta suɓuce. Gideon ya durƙusa ya riƙe ƙaho, ya kawar da fuska, yana yi wa san magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Bakoji ya durƙusa ta ɗaya gefen, hawaye na sauka cikin gemunsa bai share ba. Wata bobuwa ta sauka a gefen idon Dogo, inda mai bai kai ba. Ya sa hannun hagu ya kore ta, sannan ya yi bisimilla.